Wa ya taɓa ganin ana zane ana kiɗa lokaci guda?

Ɗan Rikkos: Salam jama'a. Waɗanda suka taɓa halartar wajen da mai zane ke shafa fenti a kyalle makaɗi na yi a gefensa, irin zanen nan da ba mutum ba gida, launi ne kawai da layi, ku ba mu labari don Allah.

'Yar Bukuru: Ni na gani a wani taron ɗalibai nan Jos, goge ne da kalangu. Wallahi hannun yarinyar da ke zanen na tsaya kallo, in mai goge ya ja dogon sauti sai ta ja shuɗi tun daga sama har ƙasa ba ta ɗaga burushi ba, kalangu na shigowa sai ta koma ɗiga ja da ruwan ɗorawa da sauri da sauri kamar ita ma bugawa take, fenti har gefen mayafinta amma ko a jikinta. Da aka gama wani dattijo ya ce to 'yata menene wannan, ta ce Baba abin da ka ji ne.

Malamin Zane: Fentin akirilik muke amfani da shi don yana bushewa cikin mintuna, fentin mai kuwa sai ya yi kwanaki. Lokacin hunturun Jos ma tun yana kan faranti yake ƙafewa, sai kana fesa ruwa. Kuma abin ya daɗe, a Janairun 1911 wani mai zane ɗan Rasha, Kandinsky, ya je sauraron kiɗan wani mai tsara kiɗa, Schoenberg, a birnin Munich na Jamus, ya koma gida ya yi zane cike da ruwan ɗorawa da wani baƙin abu mai kama da piyano. Shi dai bayan an tashi ya zana, mu a gaban jama'a muke yi, ba damar gogewa.

Baban Yara: Malam ni fa ban gamsu ba. Na sayi irin zanen guda ɗaya, da na rataye a falo ba kiɗan sai na ji kamar rabinsa ya tsaya can wajen taron.

Malamin Zane: Gaskiyarka Alhaji, yana faruwa. Amma aska takwas ɗin da ke babbar rigarka ko dagin da ke bangon gidajen gargajiyan nan na kusa da gidan tarihi, ai ba wanda ya ce sai sun yi kama da wani abu kafin a so su.

Mai Gurmi: Ni ɓangaren kiɗan na tsaya. Mutane sun ɗauka mai zanen ne kaɗai ke bin mu, a'a, ina bugawa ina satar kallon kyallen, da na ga ya fara danna baƙi da tafin hannu sai na sassauta na koma ƙasa, shi ma ya ji ya rage, haka muka dinga jan juna ba wanda ya yi wa wani magana. Ɗan Rikkos in za ku shirya, ku sa mai zane inda makaɗi zai riƙa hango kyallen, kar ku sa ya ba shi baya.