Neman shawara kan wasa da rukunin Northern Realms a kartar Gwent

Sabon Shiga ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni gogewa a Gwent, ina nufin kartar da ake bugawa a cikin The Witcher 3, wasan da kamfanin CD Projekt Red ya fitar a 2015, ba wadda aka ware daga baya ta zama wasa mai zaman kansa ba, domin dokokinsu sun bambanta. Tun daga White Orchard, garin da ake fara labarin, nake amfani da rukunin Northern Realms, wanda shi ne ake fara ba mutum, kuma damuwata guda ɗaya ce: kusan kullum nakan ci zagayen farko da tazara mai yawa, sannan a cinye ni a na biyu da na uku saboda hannuna ya ƙare. Na sayi Catapult da Blue Stripes Commando a masaukin baƙi na garin, na kuma cire Prince Stennis daga tarina saboda ban ga dalilin da zai sa in ba abokin hamayya maki 5 kyauta ba. Shin rukunin ne ba shi da ƙarfi in sauya wani, ko kuwa ni ne ban gane kansa ba?

Tsohon Hannu ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Rukunin ba shi da laifi, hasali ma da shi kaɗai mutum zai iya gama duk wasannin karta da ke cikin labarin. Katin da ka cire shi ne mafi amfani a cikin abin da ka mallaka yanzu, don haka ka fara da mayar da shi.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne, kati 10 ake ba ka a farko, ana yarda ka musanya 2, kuma ba a ƙara raba wasu tsakanin zagaye da zagaye. Waɗannan goman ne za su kai ka har ƙarshe, sai fa abin da ka samo da dabara. Saboda haka wanda ya ci zagayen farko da maki 60 a kan 20, amma ya kashe kati bakwai abokinsa ya kashe uku, shi ne yake cikin hatsari, domin ratar maki ba ta bin mutum zuwa zagaye na gaba. Abin da ke bin sa shi ne yawan katin da ya rage a hannu.

A nan 'yan leƙen asiri suke shigowa. Idan ka ajiye Stennis, yakan tafi gefen abokin hamayya da makinsa 5, kai kuma ka ja kati 2 daga tarinka, wato ka ba da ɗaya ka karɓi biyu. Idan ka yi hakan a zagayen da dama ka yi niyyar bari, makin nan 5 ba su cuce ka da komai ba. Northern Realms na da irinsu uku: Stennis mai 5, Sigismund Dijkstra mai 4 wanda ake ci a hannun Bloody Baron, da Thaler mai 1 kacal. Akwai kuma Mysterious Elf, wanda ba na kowane rukuni ba ne, makinsa sifili, ana samun sa a Skellige.

Sai ka haɗa su da katin mutum-mutumi, wato Decoy. Idan aka jefo maka ɗan leƙen asiri, ka ɗauke shi da mutum-mutumi zuwa hannunka, ka mayar wa mai shi, ka ja naka biyun. Idan kuma ba ka da mutum-mutumi, ka bar shi ya zauna, domin bayan zagayen maƙabartarka zai faɗa, wato inda katunan da aka gama da su ke taruwa, kuma Dun Banner Medic na iya tayar da shi ya sake yi maka aiki. Ni kaina na sha shiga zagaye na biyu da kati goma sha uku alhali abokin wasana na da biyar, bayan na bar masa na farko da gangan.

Mai Ƙidaya ya amsa:

Na yarda da bayanin Malam Tsohon Hannu, amma akwai abin da ke gaba da shi, wato girman tarin kansa. Doka ta ce kada mayaƙa su gaza 22, katunan musamman kuma kada su wuce 10. Sababbin 'yan wasa sukan zuba duk katin da suka samu a ciki har tarin ya kai arba'in, sai ɗan leƙen asiri ya jawo musu ƙaramin soja mai maki 1 ko 2. Ka tsaya a kan 22 daidai, kuma duk lokacin da ka ci sabon kati mai kyau, ka fitar da mafi rauni. Da tari ɗan ƙarami da 'yan leƙen asiri uku ko huɗu, za ka ga fiye da rabin katunanka kafin wasa ya ƙare.

Dalilin da ya sa wannan ya fi muhimmanci a rukuninka shi ne, ƙarfinsa yana cikin katunan da ke ninka juna idan suka haɗu a sahu ɗaya. Blue Stripes Commando guda ɗaya maki 4 ne, ba abin a zo a gani ba. Idan suka zama biyu kowanne 8 ne, idan suka cika uku kowanne 12, jimilla 36, kuma idan aka busa musu ƙaho, wato katin Commander's Horn mai ninka makin sahu, sai su koma 72. Crinfrid Reavers Dragon Hunter masu maki 5 a sahun maharba idan suka cika uku suna ba da 45. Catapult biyu kuwa, daga 8 kowanne ya koma 16, tare 32, da ƙaho 64. Kati biyu ke nan da ƙaho ɗaya suka fi abin da jarumai huɗu masu maki 15 za su bayar.

Game da katin shugaban rukuni, ina ba da shawarar Foltest mai laƙabin The Siegemaster, wanda ake ci a hannun wani basaraken Nilfgaard a fadar Vizima. Yana ninka sahun manyan makamai ba tare da ka kashe kati daga hannu ba. Sai dai ka lura, ikonsa da ƙaho ba sa taruwa a sahu guda, don haka ƙahon da ke hannunka ka ajiye shi don wani sahun.

Mai Taka-tsantsan ta amsa:

Ina da ɗan saɓani da 'yan'uwana biyu, ba a kan lissafi ba, a kan yadda sabon ɗan wasa zai fahimci maganar. Idan aka ce masa ya bar zagayen farko, zai mayar da ita doka, alhali baiwar Northern Realms ita ce jan ƙarin kati ɗaya duk lokacin da aka ci zagaye. Idan abokin hamayya ya janye hannu da wuri yana gabanka da maki 6 ko 7, kuma kati ɗaya zai wuce da kai, to ka ajiye shi ka ci, domin katin da ka kashe za a biya ka shi nan take, ga shi kuma saura zagaye ɗaya ya rage maka. Abin gudu shi ne bin mutum da kati uku ko huɗu don kawai kada a ce an ci ka. Kuma idan da Nilfgaard kake karawa, kada ka tsaya a kunnen doki, saboda su ake ba nasara idan maki ya zo daidai.

Na biyu, lambobin da Malam Mai Ƙidaya ya kawo gaskiya ne, amma bai faɗi raunin da ke tattare da su ba. Katin Scorch yana ƙona mafi ƙarfi a duk filin, kuma idan mafi ƙarfin sun yi kunnen doki duka yake kwashewa. Catapult biyu masu 32 kowanne tafiya ɗaya za su yi, maki 64 su zama toka. Katin ruwan sama, wato Torrential Rain, ma yana mayar da duk sahun manyan makamai zuwa maki 1 kafin a yi ninki, kuma ɗaya daga cikin katunan Emhyr na Nilfgaard yana jawo shi kai tsaye daga tari. Maganin shi ne tsarin ajiyewa. A zagayen da kake son ci, ka fara da jarumai irin su Vernon Roche da John Natalis masu maki 10, waɗanda wuta da yanayi ba sa taɓa su, ka bar abokin wasa ya yi ta zubar da nasa. Catapult na biyu da ninkin Foltest su ne na ƙarshe, lokacin da hannunsa ya ƙare ko ya janye. Yawan katin da Malam Tsohon Hannu yake magana a kai, babban amfaninsa ke nan: kai ne za ka yi ajiyar ƙarshe. Ni kuma ba na fita ba tare da Clear Weather guda ɗaya, mai share tasirin yanayi, ba, ko da yake na san wasu na ganin ɓata gurbi ne.

Sabon Shiga ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na mayar da Stennis, na rage tarin zuwa 22, kuma a daren jiya na ci Baron na karɓi Dijkstra. Saura tambaya ɗaya: masu rukunin Monsters suna ajiye kati ɗaya sai 'yan'uwansa su fito daga tari su cika sahu, kafin in ankara sun wuce ni da maki talatin. Yaya ake yi da su?

Tsohon Hannu ya sake amsawa:

Madalla da wannan labari. Monsters tsoro suke bayarwa fiye da cuta, domin mafi yawan ƙarfinsu yana cikin sahun gaba na masu takobi. Ka saka Biting Frost guda ɗaya ko biyu idan za ka kara da su, ka jira sai sun gama kiran 'yan'uwansu sun busa ƙaho, sannan ka saki sanyin, duk wanda ba jarumi ba a sahun ya koma maki 1, ko 2 idan da ƙaho. Sanyin zai taɓa naka sahun gaban ma, saboda haka a wannan zagayen ka riƙe Blue Stripes a hannu ka dogara da maharba da manyan makamai. Wani ƙarin daɗi shi ne Stennis da Dijkstra a sahun gabansu suke zama, don haka makin da ka ba su ma sanyin zai cinye.

Idan ka samu Villentretenmerth, shi ma yana ƙona mafi ƙarfi a sahun gabansu matuƙar jimillar sahun ta kai 10, sai dai ka ajiye shi kafin sanyi, kada jimillar ta faɗi ƙasa da goma ya zama ya fito a banza. Ka kuma tuna cewa baiwarsu ita ce mayaƙi ɗaya yakan rage a fili bayan kowane zagaye, kuma ba su suke zaɓarsa ba, don haka ka shiga zagaye na gaba da sanin cewa ba daga sifili za su fara ba.