Neman shawara: zanen gona da kaka ya gagare ni

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara biyu ke nan ina koyon zane da kaina a ɗaki, daga hotunan waya da bidiyon YouTube. Bana na ce sai na fita na zana kaka ido da ido. Asabar biyu a jere ina ɗaure kayana a bayan mashin in nufi gonakin da ke gindin Dutsen Kufena, ta wajen Wusasa a Zariya, kuma duka biyun na dawo da abin da ko ƙannena na ji kunyar nuna wa.

Da fentin akirilik nake aiki, mai saurin bushewar nan. Kafin in gama haɗa launi ya riga ya daskare a faranti. Ina farawa da hantsi inuwar dutsen tana gefe ɗaya, kafin azahar ta gudu, sai in yi ta bin ta ina gyarawa har zanen ya dagule. Abin da ya fi damuna shi ne launi. Na sayi ja da ruwan goro kamar yadda masu bidiyon kaka ke yi. In na sa su, sai ka rantse gobara ce ta kama gonar. In na bar su, komai ya koma ruwan ƙasa kamar katangar laka. Ga shi kuma wani dattijo ya tsare ni da tambayoyi, ya ɗauka awon fili nake yi za a yanka musu gona. Ta ina zan kamo bakin zaren?

Yaya Mai Gawayi:
Wa alaikumus salam. Bushewar ba laifinka ba ne, iska ce ta juya, damshi ya tafi. Samo roba mai murfi, shimfiɗa jiƙaƙƙen ƙyalle a ciki, ka ɗora takardar da masu kek ke shimfiɗawa a tire, ka matsa fentinka a kai. Ka riƙe kwalbar feshi irin ta masu aski. Kuma ka zauna a inuwa, kada rana ta bugi farantin ko takardar.

'Yar Funtuwa a Kanada:
Ƙanena, na yi dariya da maganar gobara, don ni ma sai da na zo nan na gane inda aka samo wannan jan. Daga ƙarshen Satumba zuwa tsakiyar Oktoba itatuwan nan, musamman mai ganyen da ke jikin tutarsu, suna rinewa ne saboda rana ta gajarta kuma dare ya yi sanyi. Itacen yana janye sinadarin kore daga ganye, sai ruwan ɗorawar da dama yana ɓoye a ciki ya bayyana, wasu itatuwan kuma su ƙera sabon ja a lokacin. Namu ganyen rashin ruwa ne ke kashe shi, ba sanyi ba, shi ya sa yake tafiya daga kore zuwa ruwan ƙasa kai tsaye. Suna kawai muka haɗa da su, kaka da kaka. Masu bidiyon da kake kallo abin da ke ƙofar gidansu suke zanawa.

Abu ɗaya da za ka iya ara daga nan: akwai mai zanensu Tom Tomson, wanda ya rasu a 1917, da ya yi suna da zanen dajin Algonkwin. Abin da yake yi a daji a kan 'yan allunan katako yake yi, ko girman takardar A4 ba su cika ba. Manyan sai ya koma ɗaki da hunturu. Wane girma kake ɗauka?

Ɗan Tudun Wada:
Yaya, kunya ma nake ji. Kwali ne babba, ya kai rabin tebur.

Baba Tsohon Malami:
To ɗana, ga rabin ciwonka nan. Shekara talatin na yi ina koyar da zane a sakandare, kuma duk yaron da na fita da shi fili, babbar takarda ce ke fara kayar da shi. Yanka kwalin nan gida huɗu.

Batun rana, ba a bin ta. Awa ɗaya da rabi kake da ita, in ta yi yawa biyu. Ka isa wurin kafin bakwai na safe, ko ka bari sai bayan la'asar. Tsakar rana hasken yana dukan komai daga sama, ba inuwa, ba siffa. Da ka zauna, minti biyar na farko ka ɗauki fensir ka yi ɗan zane kamar girman kwalin ashana, launi uku kacal: fari, toka, baƙi. Ina duhu yake, ina haske yake. Wannan shi ne alƙawarin da ka yi da zanen, in inuwa ta matsa kai kada ka matsa. Mone, mai zanen nan na Faransa, ya zana tarin dammunan alkama na kusa da gidansa wajen sau 25 tsakanin 1890 da 1891, kuma in haske ya sauya, ajiye wannan kanbas, wato ƙyallen da yake zane a kai, yake yi ya ɗauki wani. Mutumin da ya fi mu hannu bai yi kokawa da rana ba.

Yanzu launi, wanda shi ne ainihin tambayarka. Ka ce komai ruwan ƙasa ne. Ban yarda ba. Huda 'yar ƙofa kamar ƙwayar gyaɗa a farar takarda, ka miƙe hannu ka leƙa ta ciki. Kan dawa ja ne mai duhu, ya kusa makuba. Karanta ruwan ɗorawa ne mai sauran kore a gindi. Gamba in rana ta biyo ta bayanta fari take yi kamar azurfa. Inuwar da ke ƙarƙashin tsamiya ba baƙa ba ce, shuɗi ke cikinta. Shi kansa Kufena, yadda ya yi nisa haka yake dusashewa, kuma da hazo ya sauka zai koma toka mai ɗan ɗumi, ya kusa haɗewa da sama. Ku yara kuna zana shi da duhu saboda kun san dutse ne, ba don haka idonku ya gani ba.

Sannan ka lura da itatuwa, don su ne za su sa Bahaushe ya kalli zanen ya san wata nawa ne. Kuka tana zubar da ganye ta tsaya tsirara. Gawo kuwa, da ya yi damina ba ganye, yanzu ne yake tohowa. Ka sa su biyun a zane ɗaya, ba sai ka rubuta kaka a ƙasa ba.

Launi huɗu sun ishe ka: fari, shuɗin altramarin (shuɗi mai duhu), yalo oka (ruwan ɗorawa mai ɗan ruwan ƙasa), da bont siyena (ruwan ƙasa mai ja-ja). Shuɗin da siyenar in ka gauraya su za su ba ka duk tokar da kake so. Jan da ka saya kada ka yar. Jan kakarmu ba a bisa itace yake ba, yana ƙasa: barkono da tattasai a shanya kan fa, zoborodo a gefen gona. Ɗigo biyu, ba ƙari.

Oga Sharp:
Ni fa ban gane wahalar ba. Ka ɗauki hoto da waya ka dawo gida ka zana ƙarƙashin fanka mana.

Yaya Mai Gawayi:
Oga, gwada ɗaukar hoton gona da yamma ka gani. Ko sama ta ƙone ta yi fari fat, ko ƙasa ta yi baƙi ƙirin. Shuɗin inuwar da Baba ke magana waya ba ta kawo shi gida. Ya ɗauka dai don tuna siffar reshe.

Maman Ikram:
Ni fentin ruwa nake yi, kuma zan ba ka shawarar ka gwada shi ko don sauƙin kaya. Shi ma yana saurin bushewa da hunturu, amma in ya bushe a faranti ɗigon ruwa ke tayar da shi, ba kamar akirilik ba da in ya tafi ya tafi. Fentin mai kam kada ka soma yanzu, kwanaki yake yi bai bushe ba, ƙura za ta manne masa kamar an barbaɗa gari.

Kuma ka san abin da ke riƙe fentin ruwa na kanti? Ƙaro ne, wanda almajirai ke sawa a tawada. Nakan ɗebo jar ƙasa in tankaɗe, in jiƙa, in bar yashin ya kwanta, in tsiyaye mai laushin sama in shanya, sannan in kwaɓa da ruwan ƙaro da ɗigon zuma. Ba ya kai na kanti santsi, amma launin hanyar gona ba wanda ya kama shi kamar ƙasar hanyar.

Abu Sumayya:
Afuwan, tambaya ce ba gardama ba. Ya matsayin wannan zanen a addini?

Baba Tsohon Malami:
Tambaya mai kyau. Ni ba malamin fiƙihu ba ne, amma ya zo a Bukhari da Muslim cewa wani mai sana'ar zane ya tambayi Ibn Abbas, Allah ya ƙara masa yarda, ya ce masa in ba makawa sai ya yi, to ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Yaron nan dutse da dawa yake zanawa.

Manomi Ɗan Giwa:
Kowa ya yi maganar fenti, ba wanda ya yi maganar dattijon. Malam, da ni ne ma sai na tsare ka. Amfani yana tsaye a gona, ga halin da ake ciki na tsaro, sai ga baƙo da allo yana kallon gona yana rubutu. Ka fara zuwa gaida mai unguwa, ka nuna masa tsofaffin zanenka, ka ce ga abin da ya kawo ka. Ka nemi mai gonar ka yi masa sannu da aiki. Kada ka yi nisa da gari, kada magariba ta same ka a can. Ka kuma hanzarta, da an shiga Disamba dawar nan an yanke, sai kara da shanun Fulani.

Ɗan Tudun Wada:
Na dawo da rahoto. Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya na je da ƙananan kwalaye huɗu, na yi uku kafin tara. Biyu ba su yi ba, na ukun ya yi kama da wurin. Robar Yaya Mai Gawayi ta yi aiki, fentin ya kai ni har gida da danshinsa. Dattijon nan da kansa ya kai ni gindin wata ɗorawa ya ce daga nan dutsen ya fi kyau, kuma gaskiyarsa. Da ya ga na ukun ya ce na manta harawar da ya ɗora a reshe.

Baba, saura sama. Na shafa shuɗi sai ta fito kamar ta watan Agusta.

Baba Tsohon Malami:
Fari da yawa, shuɗi kaɗan can ƙololuwa, kana gangarowa kana ƙara yalo oka har ta haɗu da dutsen. Ka fara da ita kafin komai. Harawar kuma ka koma ka sa masa.