Ɗakin Haya Ga Matan Da Suka Gudo Daga Duka: Ta Ina Za Mu Fara?

Uwar Marayu, Nima, Accra:
Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu ta mata tana tara gudummawa duk Juma'a, kuma muna son kama ɗakin haya domin matan da mazajensu suka lakaɗa wa duka har suka gudo da goyo a baya. Ta ina ya kamata mu fara?

Malam na Sabon Zango:
Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya saka da alheri. Ku fara da ofishin DOVVSU, wato sashen 'yan sandan Ghana mai kula da cin zarafi a cikin gida, domin dokar cin zarafi a cikin gida ta 2007 ta ba kotu ikon hana mijin kusantar matar. Idan babu wannan umarni, zai iya biyo ta har ƙofar ɗakin da kuka kama. Ku tanadi kuɗin asibiti kuma, saboda likitoci sukan karɓi kuɗi kafin su cike takardar shaidar rauni da 'yan sanda ke bayarwa.

Yaya Mai Ɗinki, Mamobi:
Hajiya, babbar matsalar ita ce kuɗin haya. Doka ta ce kada mai gida ya karɓi fiye da na wata 6 gaba ɗaya, amma a Accra na shekara 1 ko 2 ake nema, kuma matar da ta fito da zane ɗaya ba ta da shi. Ina ganin kada ɗakin ya kasance a Nima, inda kowa ya san kowa, domin kafin Magariba dangin miji sun ji labari.

Malam na Sabon Zango:
Gaskiya ne, Yaya. Kuma mutum biyu ko uku kaɗai ya kamata su san inda ɗakin yake.