Tambarin tsaga: sunan da nake ba wa marubutanmu shawara a kai

1. 'Yan uwa marubuta na Kano, masu rubuta labarin duniyar ƙirƙira inda sihiri ke aiki kamar sana'a: me za mu kira abin da Turawa ke cewa "rune stamp"? Wato ƙarfe ko katako da ake dannawa a fata, laka ko takobi, alamar sihiri ta fito iri ɗaya ko sau dubu ne.

2. Mu fara da alamar kanta. Asalin "rune" haruffa ne na mutanen arewacin Turai. Mafi tsufan jerinsu, Futhark, haruffa 24 ne, an yi amfani da su tun wajen ƙarni na 2 zuwa na 8. Yawancinsu miƙaƙƙun layuka ne da karkatattu, irin waɗanda wuƙa ke iya yankawa a itace, a kuma sassaƙa a dutse. To Bahaushe yana da sunan layin da aka yanka don ya zama shaida: tsaga, aikin wanzami. Don haka na ce tsagar sihiri.

3. Wani malami ya ce min, "Ɗana, ai hatimi ne." Hujjarsa mai ƙarfi ce, domin hatimi na nufin abin bugawa, yana kuma nufin zanen gida-gida da malamai ke yi a allo ko a laya. Amma a nan nake ja da baya. Hatimin malamai yakan ɗauki ayoyi da sunayen Allah. In ka sa kalmar a hannun matsafin labari, mai karatu a Fagge ko Gwale ba zai ga ƙirƙira ba, cin fuska zai gani, kuma yana da gaskiya. A bar wa malamai kalmarsu.

4. Mabugi ya fi zuwa da ƙamshin mabuga da shuɗaɗɗiyar riga. Madanni kuwa kwamfuta ta riga ta ɗauke.

5. Saura tambari. Kowa ya san "a buga masa tambari" a ofis, sannan kalmar tana da nauyin fada saboda tamburan sarki. Abin da ke ba da izini ke nan, kuma shi ake nema a irin wannan labari.

6. Ga yadda zan jera su: kayan aikin, tambarin tsaga. Wanda ake gasawa a wuta kafin a ɗora, tambarin lalas. Mai sassaƙa shi, maƙerin tsaga. Kwafin da ya fito kuma bugu, sai a ce bugun fari ya fi bugu na ɗari kaifi, don bakin ƙarfe na cinyewa.

7. In za ku rubuta wurin aikin, ku shiga Kurmi ko unguwar Dukawa ku ga yadda ake kafa ƙarfe a kan fata a doke shi da guduma sau ɗaya, ba a maimaitawa, don kada zanen ya yi biyu. Ku tsaya kuma wajen masu yanka tambarin roba da reza: a juye suke yanka kowane harafi, sai an buga yake fitowa daidai. Yaron maƙeri da ya manta ya juya tsagar kariya, ya buga wa rundunar sarki a garkuwa, ya ba ku babi guda cur.

8. Wanda ya san sunan da dukawa ke kiran ƙarfen nan a bakinsu, don Allah ya kawo mu auna shi da tambari.