Wanda shakka ta kama: tsawa ko a zauna da shi?

Nura Gwale: Jama'a, ban yarda da maganar Malam Bala ta jiya bayan Isha'i ba. Ya ce matashin da shakka ke shiga a kan addini tsawa ce maganinsa, lallashi ƙara lalata shi yake yi. A kan wani ɗan jami'a aka yi zancen. Ya gaya wa yayansa yana sallah, amma wasu tunane-tunane na zuwar masa waɗanda bakinsa ba zai iya furtawa ba. Mahaifinsa ya ƙwace wayarsa, ya ce kada a sake tada zancen a gidan.

Malam Bala: Ina kan bakana, Nura. Hadisin yana cikin Buhari da Muslim: Shaiɗan zai zo wa mutum ya ce wa ya halicci kaza, wa ya halicci kaza, har ya kai ga wa ya halicci Ubangijinka. Me aka ce ya yi? Ya nemi tsarin Allah, ya daina. Ba a ce a buɗe masa majalisa ba.

Malama Hadiza: Allah gafarta Malam, wannan umarni mai waswasin aka ba, ba iyayensa ba. Namu darasin, mu da ake kawo wa kuka, shi ma yana cikin Muslim. Sahabbai sun zo wajen Annabi (SAW) suka ce suna jin abin da ya fi ƙarfin su faɗa. Bai kore su ba, cewa ya yi wannan shi ne tsantsar imani. Malamai sun ce ƙyamar abin da tsoron furta shi ne alamar imanin. Hanzala ma cewa ya yi ya zama munafuki, don abin da yake ji a gaban Annabi yana raguwa idan ya koma cikin iyali da gona. Sayyidina Abubakar ya ce shi ma yana jin haka, suka tafi tare suka tambaya.

Alhaji Tijjani Kwari: Malama, sahabbai ba su da TikTok. Yaran shagona ina ganinsu, kai a sunkuye tun safe. Wanda ya kwana yana sauraron masu sukar addini, ya tashi ya ce waswasi ne? Shi ya je ya ɗauko.

Maryam (nas): Baba Alhaji, ba duka ba ne. Akwai wanda za ka gani a bakin famfo ya yi alwala ya sake, ya sake, hannun riga sharkaf, ya shiga sahu yana ta maimaita kabbarar harama har liman ya yi ruku'u. Wannan ciwo ne da likitoci suka sani, kuma ana maganinsa. Ciwon damuwa ma yakan ɗauke wa mutum ɗanɗanon komai, har da ibada, sai ya ɗauka Allah ne ya yi fushi da shi. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a asibitin Malam Aminu Kano da na Dawanau. Sai dai da an ce Dawanau, dangi sun ce an mai da ɗansu mahaukaci.

Malam Bala: To yanzu imani ya koma ƙwayar magani ke nan?

Maryam (nas): A'a Malam. A tambaye shi dai: yana barci? Yana cin abinci? Ya taɓa tunanin cutar da kansa? Idan akwai wannan, likita da malami su haɗu a kansa. Idan kuma tambaya ce ta ilimi, taku ce.

Nura Gwale: Imam Gazali fa yana koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza abin ya same shi, har harshensa ya kasa karantarwa, ya bar garin a 1095. Ba jahilci ne ya jawo masa ba. Sannan mu faɗa wa kanmu gaskiya: a Kano yau wa zai yi wannan tambayar a fili? Kafin la'asar an ɗauki hoton maganarsa, an yaɗa, an ce ya yi ridda. Yaron nan yayansa ya zaɓa don ya amince da shi. Idan gida ya rufe masa ƙofa, waɗanda Alhaji ke tsoro su ne za su saurare shi har tsakar dare.

Alhaji Tijjani Kwari: Nan kam ka taɓa ni. Amma wayar ta zauna a hannun uban.

Malam Bala: Yayan ya kawo min shi gida ranar Asabar da hantsi, ba masallaci ba. Zan ji shi. In shubuha ce a warware, in ciwo ne Maryam ta nuna musu hanya. Amma ban janye ba, akwai yaran da sai an yi musu tsawa.

Malama Hadiza: Da sharaɗi, Malam: abin da ya faɗa kada ya fito a karatun magariba, ko da ba a ambaci suna ba. Unguwar nan kowa zai gane shi.

Malam Bala: Na ji. Nura, ka sanar da yayan.