Atom yana cikin tsananin sanyi, ta yaya kuma zai zama filasma da kansa?

Ɗalibar_Fiziks:
Assalamu alaikum. Wani abu ya ɗaure min kai a karatun atom ɗin Rydberg, wato atom ɗin da aka ɗaga ilektiron ɗinsa na waje zuwa mataki mai nisa sosai da cibiyarsa. An koya mana cewa filasma, wato iskar da ilektiron suka rabu da atom ɗinta, sai da zafi mai tsanani irin na cikin rana, shi ke fizge ilektiron daga jikin atom. Sai ga shi na karanta cewa a shekarar 2000 masu bincike a Jami'ar Virginia ta Amurka da wasu a Orsay ta Faransa sun sanyaya atom ɗin sinadaran rubidiyam da siziyam da hasken leza, suka ɗaga su matakin Rydberg, kawai sai tarin atom ɗin ya rikiɗe ya zama filasma ba wanda ya taɓa shi. Daga ina ƙarfin ya fito? Don Allah a warware min.

Malamin_Leza:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sanyin da ake faɗa na motsin atom ɗin ne, wato da ƙyar yake gusawa daga inda yake. Amma ilektiron ɗinsa na waje leza ta riga ta ɗura masa ƙarfi, ta kai shi can nesa da cibiya, saura ƙiris ya kuɓuce.

Duba lissafin da kanki. A haidurojin, ƙarfin da ke riƙe ilektiron a matakin farko eV 13.6 ne (eV ma'aunin ƙarfi ne ɗan ƙanƙani). A mataki na 50 sai ki raba da 2,500 (wato 50 sau 50), abin da zai rage wajen eV 0.005 ne. Nisansa da cibiya kuwa ya tashi daga nanomita 0.05 zuwa wajen 130 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). To bangon ƙarfen da ake gwajin a cikinsa yana kan zafin ɗaki, kelbin 300, yana fitar da hasken zafi da ido ba ya gani, ƙarfinsa wajen eV 0.026. Kin ga ya ninka abin da ake buƙata kusan sau biyar. Ban da haka, idan atom biyu na Rydberg suka kusanci juna, ɗaya kan sauka ƙasa ya miƙa wa ɗayan ƙarfin, na biyun ya rasa ilektiron ɗinsa.

Wannan 'yan kaɗan yake shafa. Inda na fi son ɗalibaina su tsaya su yi tunani shi ne abin da ke biyo baya. Ilektiron na farko-farko ficewa suke yi, su bar ayon masu nauyi, wato atom ɗin da suka rasa ilektiron, a wurin. Cajin ayon yana taruwa har ya kai inda zai riƙe duk ilektiron da ya saku daga baya. Su kuma waɗannan da aka tsare sai su dinga kai da kawo cikin tarin, suna bugun sauran atom ɗin, kowane bugu na iya sakin wani. Daga nan abin kamar wutar daji, cikin 'yan maikurosakan (kashi ɗaya cikin miliyan na sakan) an gama.

Mai_Nazarin_Filasma:
Malam ya faɗi gaskiya. Ƙarin da zan yi shi ne abin yakan juya baya. A 1999 Thomas Killian da Steven Rolston da abokan aikinsu a cibiyar bincike ta NIST a Amurka suka fara samar da irin wannan filasma mai sanyi daga iskar zenon, a 2001 kuma suka ga atom ɗin Rydberg suna samuwa a cikinta yayin da take buɗewa. Ilektiron biyu ne ke gamuwa kusa da ayon, ayon ɗin ya kama ɗaya, ɗayan ya tafi da rarar ƙarfin. Idan zafin ilektiron ya ragu da rabi, saurin wannan haɗuwa yana ninkuwa fiye da sau 20. Kuma wanda ya tafi da rarar yana ɗumama sauran, shi ya sa filasmar ba ta yarda ta zauna a sanyin da aka fara ta.

Ɗalibar_Fiziks:
Allah ya saka da alheri, yanzu na gane. Amma Malam, ta yaya ake sanin matakin da atom yake kai?

Malamin_Leza:
Da ƙarfin lantarki ake auna shi. Ana sa faranti biyu a gefen tarin, a dinga ƙara wuta a hankali. Mataki na 100 yana sakin ilektiron ɗinsa a wajen bolt 3 a kowace santimita, na 50 sai an kai wajen bolt 50. Lokacin da ilektiron ya iso na'urar ƙirga shi ke nuna matakin da ya fito.