Farfaɗiya da raunin sha'awa: shin allurar testosteron za ta taimake ni?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata 34, kuma kimanin shekara bakwai ke nan ina shan kabamazefin saboda farfaɗiya. Alhamdulillahi, rabona da faɗuwa ya kai shekara biyu. Abin da ke damuna shi ne sha'awata ta ragu ƙwarai, gabana ba ya yin ƙarfi kamar da, ga kasala da nake tashi da ita ko da na yi barci sosai. Matata ba ta ce komai ba, amma ina ganin damuwar a fuskarta, musamman da yake muna neman haihuwa. Wani abokina ya ce in sayi allurar testosteron, wato sinadarin mazakuta, in riƙa yi, wani kuma ya ce in ajiye maganin farfaɗiyar tunda na samu sauƙi. Wanne zan ɗauka a ciki?

Amsar wani ma'aikacin lafiya:

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Kada ka ɗauki ko ɗaya. Dakatar da maganin farfaɗiya farat ɗaya yana iya jawo faɗuwar da za ta wuce minti biyar ba ta tsaya ba, kuma wannan yanayi ne da ke barazana ga rai.

Abin da ka bayyana sananne ne. Magungunan farfaɗiya irin su kabamazefin, da fenitoyin, da fenobabiton suna zaburar da hanta ta ƙara yin wani furotin da ake kira SHBG, wanda aikinsa shi ne kama testosteron ya riƙe a cikin jini. Idan furotin ɗin ya yi yawa, kason testosteron da ke yawo a sake, wanda shi jiki ke amfana da shi, sai ya ragu, alhali jimillar da gwaji zai nuna tana iya fitowa daidai. Haka kuma ciwon da kansa, musamman irin wanda ke tasowa daga sashen ƙwaƙwalwa na gefen kunne, yana iya dagula saƙon da ƙwaƙwalwa ke aika wa 'ya'yan maraina su yi aikinsu. Saboda haka ka nemi likitanka ya auna maka jimillar testosteron tare da SHBG, kuma a ɗebi jinin da safe, domin a lokacin ne sinadarin ya fi yawa a jiki.

Amsar wani mai harhaɗa magunguna:

Malam, ina so in tsaya a kan batun allurar, domin mutane suna ɗaukarta kamar man da ake ƙara wa inji. Testosteron idan ya shiga jiki, hanya biyu yake bi. A hanya ta farko wani sinadari mai suna aromates yana mayar da shi estiradiyol, wanda ke sa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa saurin zabura, wato yana iya kusanto da faɗuwa. A hanya ta biyu yana rikiɗewa ya zama androstanediyol, wanda ke ƙarfafa aikin GABA, birkin da ƙwaƙwalwa ke takawa idan wutar cikinta ta nemi wuce gona da iri. Abu guda ne ya haifi mai hura wuta da mai kashe ta, kuma ba daga kallon mutum ake gane wadda za ta rinjaya ba. Dalilin da ya sa ke nan masu bincike suka gwada haɗa testosteron da magungunan da ke toshe aromates, irin su anastirozol, amma gwaje-gwajen ƙanana ne, ba su kai a mayar da su ƙa'ida ga kowa ba.

Abin da abokinka bai faɗa maka ba shi ne, testosteron da aka shigar daga waje yana sa ƙwaƙwalwa ta daina umartar 'ya'yan maraina, sai ƙwayoyin maniyyi su ragu, wani lokaci har su ɗauke gaba ɗaya na tsawon watanni. Ga mai neman haihuwa, wannan gyaran gangar Auzinawa ne.

Amsar wani mai fama da ciwon:

Ɗan uwa, ni ma na bi ta nan. Sai da na shekara ina jin nauyin faɗa wa likita, ranar da na faɗa kuwa ko ɗaga gira bai yi ba, ya jawo takardar gwaji ya rubuta. A hankali ya sauya mini magani zuwa lebetirasitam, yana rage wancan yana ƙara wannan cikin makonni, kuma na ga bambanci. Ban ce kai ma haka za a yi maka ba, domin shekara biyu babu faɗuwa ba abin wasa ba ne, kuma zaɓin magani ya danganta da irin farfaɗiyar mutum. Ka dai gaya masa kuna neman haihuwa tun kafin ya zaɓa, saboda akwai maganin da ake kira balfurowet wanda hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta ba da shawarar taka tsantsan da shi a 2024 ga mazan da ke shirin haihuwa.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na fasa sayen allurar, kuma na rubuta sunayen gwaje-gwajen a takarda. Ranar ganin likita za mu tafi tare da matata, domin na san idan ni kaɗai ne, kunya za ta iya sake rufe mini baki.